Rokar da Ta Faɗo Gidan Alhaji

Uwa tana zaune a ƙarƙashin bishiyar mangwaro a bayan gidansu da ke Nassarawa, tana bitar darasi, sai ta ji wani abu ya keto ganye ya faɗo tim a gabanta. Ruwa ya fantsamar mata a littafi da bakin zane.

Ta miƙe tana salati. Da ta duba, sai ta ga robar sabulun wanke-wanke ce, an manna mata fukafukai uku na kwali, an yi mata hula mai tsini.

Ba a jima ba tsoho Bala mai gadi ya zagayo da wani dogon saurayi, rigarsa jiƙe sharkaf, hannunsa riƙe da famfon keke.

"Salamu alaikum. Don Allah a yi haƙuri, rokata ce ta ɓata hanya," in ji saurayin. "Sunana Hamisu. Ni ne malamin fiziks na makarantar 'yan mata da ke bayan katangarku. Ban ji wa kowa ciwo ba dai ko?"

"Littafina kawai ka ji wa," ta ce. Ta ɗauki robar ta girgiza. "Da sauran ruwa a ciki. Nawa ka zuba?"

"Ya ɗan wuce rabi."

"Shi ya sa. Iskar da ka buga ta ƙare ba ta gama turo ruwan ba, nauyi ya karkatar da ita. Gwada sulusi."

Hamisu ya tsaya yana kallonta, har sai da Bala ya yi gyaran murya. Ya karɓi robarsa ya yi godiya, ya juya zai fita ya doshi hanyar kicin. Uwa ta rufe baki da littafi tana dariya.

Shekarar 1978 ce, kuɗin mai ya cika gari. Mahaifin Uwa, Alhaji Muhammad Sani, ɗan kwangilar gine-gine ne, bai daɗe da taso da iyalinsa daga Fagge zuwa wannan gida da wani Bature ya bari ba. Ita kuwa Uwa tana shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai, kuma makarantar da aka tura ta gwajin koyarwa ita ce ta bayan katanga.

Ranar Litinin da ta shiga ofishin malamai, Hamisu ya kusa ƙwarewa da shayi.

"Malama Sulusi!" ya ce. "Wallahi na gwada. Sai da ta wuce tsawon tankin ruwa."

Tun daga ranar sunan ya bi ta.

A hankali ta gane halin da yake ciki. Kayan gwaje-gwajen da aka yo wa makarantar oda shekara biyu ke nan suna cikin jirgin ruwa a Ikko, suna jiran layin sauka. Yara tara kacal suka zaɓi fiziks, sauran sun ce lissafi ne tsagwaronsa, ba abin da ido ke gani. Shugabar makaranta ta faɗa masa ƙarara, in ba a sami ashirin ba a zango mai zuwa, za a rufe ajin, shi kuma a mayar da shi wata makarantar a wani gari.

Shi ya sa ya koma ga roba da ruwa da famfo. Uwa ta shiga aikin da ƙarfinta. Ita ta koya wa yaran auna tsawon tashin roka da zare da ma'aunin kusurwa, ita ta ce a riƙa danna ɗan yumɓu a cikin hular don kada ta yi ta wulƙitawa. Kafin wata ya cika, 'yan wasu azuzuwan har leƙe suke yi ta taga.

Wata Alhamis ta buɗe littafin shirya darasinta, ta tarar da takarda a ninke.

"Sulusina, na koya wa yara cewa duk abin da ka tura, shi ma yana turo ka. To ni kullum ina ture tunaninki don in yi makin jarrabawa, shi kuma yana turo ni da ƙarfin da ya fi nawa. Wannan ya saɓa wa abin da ke cikin littafi. Ki taimaka ki duba min inda na yi kuskure. In kin yarda, ina so in turo magabatana. Hamisu."

Ta karanta sau huɗu. Washegari ta mayar masa da amsa.

"Mai Roka, na duba, ban ga kuskure ba. Ni ma hakan take faruwa da ni. Amma ka bari in fara gaya wa Hajiya. Uwa."

Hajiya, mahaifiyarta, ta saurara ta yi murmushi. Alhaji ne bai yi ba. Akwai Lawan, ɗan amininsa, matashin ɗan kwangila mai sabuwar Marsandi, wanda ya fi shekara yana zuwa gaisuwa da kwalin turare.

"Ba zan yi miki dole ba, Uwata," in ji Alhaji, don sunan mahaifiyarsa aka sa mata. "Amma ƙato da gemunsa, yana wasan yara da robobi? Wannan zai riƙe gida?"

Lawan da ya ji labari bai ɓata lokaci ba. Ya zo da la'asar ya same su a baranda.

"Ranka ya daɗe, ni da idona na gan shi yana bin ƙofar baya ta gidajen unguwar nan, yana roƙon kuku-kuku robobin da suka zubar. Abin kunya, sai ka ce mai tsintar bola." Ya saci kallon Uwa. "Kuma duk Asabar yana Badawa, gidan wata Perpetua. Har rakiya take yi masa."

Zancen bolar bai dami Uwa ba. Sunan nan ne ya tsaya mata a ƙirji. Kwana uku ba ta kalli inda Hamisu yake ba. A rana ta huɗu ta ajiye masa layi ɗaya.

"Malam Hamisu, a gaida mutanen Badawa."

Amsa ta zo kafin a tashi tara.

"Sulusina, za su ji, kuma za su amsa. Madam Perpetua matar Malam Bartholomew ce, malaminmu na lissafi, wanda teburinsa ke kusa da naki. 'Ya'yansu biyar. Ita ke tara min robobi wurin matan cocinsu, saboda babbar 'yarta tana cikin yarana tara. Kwana ukun nan tuwo ma ba ya yi min daɗi. Don Allah ki ɗago kai ki kalle ni ko sau ɗaya."

Ta ɗago. Yana can ƙarshen ofis ya yi tagumi. Malam Bartholomew kuwa ya duƙufa a kan littattafai, amma kafaɗunsa rawa suke yi don dariya. Uwa ta ji kamar an sauke mata buhun gero daga ka, kunya kuma ta rufe ta.

Sai dai a gida maganar Lawan ta riga ta zauna. Alhaji ya ce shi ba zai haɗa zuri'a da mai bin bola ba, kuma zai je da kansa ya sa a canja wa 'yarsa makaranta.

Ranar da ya zaɓa kuwa ita ce Larabar da aka ware don nuna wa 'yan aji uku rokoki, ranar da za su rubuta darussan da suke so. Yara sun fi ɗari a fili, shugaba na zaune a kan kujera. Uwa tana riƙe da zaren awo ta hango farar Fijon mahaifinta ta shigo.

Alhaji ya fito cikin babbar riga, fuska ba walwala. Ganin taro sai ya tsaya a gefe yana jira a gama.

Hamisu ya kifa roba a kan turke, ya fara buga famfo. Sai aka ji "tsss". Iska na zurarewa ta wurin toshiyar. Ya gyara, ya sake bugawa. "Tsss." Yara suka fara ƙus-ƙus, wasu na dariya. Shugaba ta duba agogo. Gumi ya jiƙa wa Hamisu ƙeya. Uwa ta runtse ido tana addu'a a zuci.

"Kai, malam! Ba haka ake yi ba!"

Muryar mahaifinta ce. Ta buɗe ido ta gan shi yana tahowa, yana naɗe hannun riga a kafaɗa.

"Wa ya koya maka ɗaura bawul? Robar cikinsa ce ta tsage. Kawo nan. Akwai tsohon tib ɗin keke? A ba ni reza."

Ya tsuguna a ƙasa da shaddarsa. Ya kwance bawul ɗin, ya yanko ɗan siririn ƙyallen tib, ya naɗa, ya tofa yawu ya duba ko zai yi kumfa. Yatsunsa na tafiya kamar ba su taɓa barin aikin ba.

"Shekara goma sha ɗaya ina gyaran keke a bakin kasuwa kafin in san menene kwangila," ya ce ba tare da ya ɗago ba. "To, ga shi. Amma tsaya. Ruwan nan na mene ne? Ba iska ce ke ɗaga ta ba?"

Hamisu ya buɗe baki, sai ya fasa. Ya juya wurin ɗalibansa. "Dije, amsa wa Alhaji."

Wata siririyar yarinya ta fito tana murza gefen ɗankwali. "Baba, in mutum ya yi tsalle daga kan amalanke, ai amalanken baya take yi. To iska tana turo ruwan ƙasa, ruwan kuma yana tura robar sama. Iska kaɗai ba ta da nauyin da za ta tura da kyau."

Alhaji ya dube ta, ya dubi Hamisu. "'Yar wace ce wannan?"

"Mahaifinta direba ne a nan unguwar, ranka ya daɗe."

Alhaji ya miƙa hannu. "Ba ni famfon."

Ya taka gindinsa, ya shiga bugawa. Yara suka ɗauki ƙirga da ƙarfi. A bugu na goma sha bakwai robar ta ƙwace da wata irin ƙara, ta watsa wa Alhaji ruwa tun daga hula har takalmi, ta yi sama, ta yi sama, har ta koma kamar ɗan tsako a ido. Fili ya kaure da ihu.

Alhaji ya tsaya baki buɗe, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Can ya fashe da dariyar da Uwa ta daɗe ba ta ji ba.

"A sake zubo ruwa!" ya ce.

Uwa ta zauna a kan ciyawa tana dariya tana share hawaye. A ranar yara talatin da ɗaya suka rubuta fiziks.

Suka kama hanyar gida a mota. Sai da suka iso ƙofa Alhaji ya yi magana.

"Mutumin da zai ajiye girman kai ya bi gida-gida saboda 'ya'yan wasu, ba zai bar nasa su wulaƙanta ba. Ki ce ya turo. Amma sai kin gama jarrabawarki."

"To, Baba," ta ce.

Lawan ya yi fushi na 'yan makonni, daga baya ya sami wata a Hotoro, har ya aiko da katin biki.

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure. Madam Perpetua ta zo da 'ya'yanta biyar da ƙatuwar kular shinkafa, Uwa ta rungume ta ta ƙi saki, ita kuwa tana ta tsokanarta. 'Yan ajin fiziks suka yi anko, suka cika tsakar gida da guɗa wadda ba su iya ba.

Da yamma, kafin a kai amarya gidanta a Tudun Murtala, aka shigar da ita wurin mahaifinta, Hamisu na durƙushe a bakin ƙofa. Alhaji ya dafa kanta.

"Uwata, ranar da na je makarantar nan, na je ne in raba ku. Allah ya rufa min asiri ban yi ba. Na gode masa." Ya juya. "Hamisu, ga amana nan. Kada ka hana ta aji, ta iya."

"Insha Allahu, Baba. Ai ta fi ni iyawa."

"Na sani," in ji Alhaji, ɗaki ya ɗauki dariya, har amarya a cikin mayafi. "Ku tashi ku je. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuri'a mai albarka, ya sa ku ga amfanin yaran da kuke koyarwa."

Hajiya da sauran mata suka amsa da amin. Uwa ta miƙe, zuciyarta wasai, ta bi ƙawayenta zuwa mota.