Mutum na Ashirin da Ɗaya

Lasisin rumbun bayanan asibitinmu mutum ashirin kawai yake bari su shiga a lokaci guda. A daren nan na'ura ta dage wai akwai na ashirin da ɗaya, ta kulle kowa a waje. Nas ta bugo min waya daga ɗakin gaggawa: "Baban kwamfuta, ga yarinya kwance, ba mu san maganin da jikinta ba ya karɓa ba. Buɗe mana fayil ɗinta, don Allah."

Na sauka ɗakin na'urori. A bakin ƙofa na tarar da takalma an jera su tsaf. Ciki kuwa warin man zafi ne ya tarbe ni, ga wani zaune a kujerata ya ba ni baya.

"Malam, wa ya buɗe maka?"

"Teburin bayanan magunguna ya yi nauyi," ya ce. "Tun yaushe nake ce maka ka sabunta fihirisarsa?" Muryar kamar daga cikin fankar na'urar take fitowa.

Na leƙa allon ta kan kafaɗarsa. Sunan da ke gurbi na ashirin da ɗaya na maigidana ne, wanda ya koya min aikin nan da furfurata. Bara muka binne shi, na kasa goge asusunsa na shiga rumbun.

Wayar ta sake ƙara.

"Maigida," na ce, "yarinya ce ke jiran gurbin."

Ya ƙwanƙwasa tebur sau biyu, yadda ya saba kafin ya danna komai. Adadin da ke allon ya koma ashirin, kujerar na juyawa ita kaɗai.

Da na fito, takalman suna nan.