Gurbin Sunan Marigayiya

Ranar da Nadim ya fara ganin Gina, jan layi ta yi masa a kan aikinsa. Sabuwa ce a kamfaninsu na rubuta manhaja a Tarabulus ta Labanan, amma ta tsaya a bayan kujerarsa kamar ta shekara goma.

"Wannan dabarar da ka yi a printf, umarnin buga rubutu, ta sa wa kowane suna lambar gurbinsa, ba ta cikin ƙa'ida. Na'urarka ta yi maka alfarma ne. Wata ba za ta gane ba."

Ya juyo ya ga idanunta, ya manta rabin amsarsa. "A tawa dai yana aiki, Malama Ƙa'ida."

Ofis ya kwashe da dariya, sunan kuma ya bi ta. Kafin sanyi ya wuce suna raba faranti ɗaya na kunafa, kayan zaƙin garin, a bakin teku, yana kiranta hasken idonsa, tana kiransa mai taurin kai.

Mahaifinta, Abu Bassam, shi ke buga takardun sanarwar rasuwa da ake mannawa a bangon unguwanni. Da aka kai masa maganar Nadim, ko kai bai ɗago ba.

"Ɗan masunci? Ga Mazin ɗan ƙanwata yana juya mini injin tun yana yaro, shi na tanadar mata."

Nadim ya ce zai saye zuciyar tsohon da aiki. Ya rubuta manhajar da ke jera sunan mamaci da na dangi, kowa a matsayinsa, ya kai kyauta. Gina ta tura masa saƙo:

"Masoyina, ka gwada a tsohuwar kwamfutar Baba? Tsarinta daban ne da naka."

"Gobe in sha Allah, hasken idona. Ki daina jin tsoro."

Goben ba ta zo ba, mutuwa ta riga ta. Kakar Gina ce ta rasu, mahaifiyar Abu Bassam, kuma takardarta ce ta farko da manhajar ta buga. Mazin ya buga, ya manne gari da ita. A tsakiyar takardar, inda sunan Hajiya ya kamata ya zauna da manyan haruffa, babu komai sai $s, alamar dala da harafi ɗaya.

Kafin azahar hoton ya zagaye wayoyi. "Abu Bassam ya sa wa uwarsa farashi," in ji wani a gidan shayi, har da buga tebur.

A zauren gaisuwa Nadim ya miƙa hannu, tsohon ya bar shi a iska.

"Kada a ba shi gahawa," ya ce da ƙarfi. "Matar da ta haife ni ta bar duniya ba suna saboda kai. Fita."

Nadim ya fita ya bi bango bango yana kankare takardun da farce, har yatsunsa suka fashe. Ya rubuta wa Gina: "Kin faɗa mini, ban ji ba. Ki yafe mini." Ta karanta, ta kife wayar. Tana sonsa, kuma a ranar ta tsane shi.

Bayan an tashi daga zaman makoki ta tare Mazin a gaban mahaifinta.

"Yaya Mazin, wa ya ɗauko takardar farko daga bakin injin?"

"Ni."

"Wa ya shafa gam?"

"Ke, me kike nufi?"

"Kakarka ce kai ma. Ka gani, ka ci gaba da mannawa don a kore shi."

Abu Bassam ya karɓe makullin shago daga hannun Mazin.

Gina ta zauna ta sake rubuta manhajar da hanya mai tsawo, marar burgewa, wadda kowace na'ura ke ganewa. Sai da shekara ta juyo mahaifinta ya sauko, ya ce shi zai buga katin biki da hannunsa.

Katin ya fito da ruwan zinare. Ga sunanta cikakke, ga na mahaifinta. A gurbin ango, $s.

"Baba, na gyara wannan!"

"Na sani, 'yata. Ni na rubuta. Shi zai raba, gida gida."

Gina ta fashe da kuka. Nadim ya ɗauki kwalin ya rungume. "Na karɓa, Kawu."

Ya raba su duka, yara na binsa suna ihun "Ango dala!"

Ranar ɗaurin aure tsohon ya dafa kanta. "Allah ya yi miki albarka, Gina, ya ba ku zaman lafiya, ke da wannan."

Ta kama hannun mijinta, ta shafa tabon yatsunsa a gaban kowa.

"Amin, Baba. Sunansa Nadim."