Mai Lambu da Ganyen Karas

A can wani zamani, an yi wani mai lambu da ke yanke ganyen karas yana watsarwa bayan shinge. Kullum wata tsohuwa maƙwabciyarsa takan ce, "Ɗana, in kwashe?" Shi kuwa yakan ce, "Kwashe, Iya, shara ce."

Wata shekara ambaliya ta cinye lambun, yunwa ta shiga gidansa. Tsohuwar ta aiko musu da dambu mai ganye. 'Ya'yansa suka ci har da suɗe kwano. Mai lambun ya ruga gidanta.

"Iya, wane ganye ne wannan?"

Ta nuna masa buhunan busasshen ganye. "Shararka ce, ɗana."

Ya riƙe baki. Can ya ce, "Iya, in ɗiba?"

Ta ce, "Ɗiba, ɗana, abinci ne."