Katangar Gidan 'Yardada

Ranar da Nana Hauwa ta fara ganin Mikail, tana kan tsani ne da abin awo a hannu, tana duba wata tsaga a bangon gidan kakarta 'Yardada a unguwar Jakara. Sati uku ke nan da dawowarta daga Turkiyya, inda ta shekara biyar tana karatun zanen gine-gine, amma har yanzu ta kasa zama wuri ɗaya.

"Malama, sauko a hankali," in ji wata murya daga ƙasa. "Ba nan ne ke masa ciwo ba."

Ta leƙo. Saurayi ne dogo, laka ta bushe masa har gwiwar hannu.

"Bango ma ciwo yake yi?"

"Sosai. Ciwon yana baya, inda aka yaɓa masa siminti. Ginin ƙasa yana son shan iska. In aka toshe shi, ruwa ya shiga ya rasa ta inda zai fita."

Ta sauko tana kallonsa. Abin da wani farfesanta ya kwashe zango guda yana koya musu ke nan.

Mikail magini ne ɗan magini. Kakanninsa daga Borno suka zo suka zauna a unguwar Shahuci, kuma su ke yi wa gidan 'Yardada yaɓe tun kafin a haifi Nana. Ba a yi kwana goma ba sai ga su kullum da la'asar a zauren gidan, tana nuna masa hotuna a waya.

"Ka ga wannan? Gidan tarihi ne sabo fil a wani ƙauyen Turkiyya a kan tudu. Da dutsen garin aka gina shi, maginan garin ne suka ɗora, kuma ba a bari ya fi gidajen maƙwabta tsayi ba. Wannan kuma gidan zama ne a bakin teku. Sun tarar da itatuwan zaitun, sai suka karkata ginin ya zagaye su."

Mikail ya daɗe yana kallo. "To mu me ya hana mu?"

"Tambayar da ta hana ni sukuni ke nan, Usta."

"Usta kuma?"

"Haka suke kiran gwanin magini a can. Farfesa ma miƙewa yake in Usta ya shigo."

Burinta ta gyara gidan, ta ƙara ɗakuna biyu na ƙasa masu manyan tagogi, ta mayar da zauren ɗan ƙaramin gidan tarihin masu sana'ar kasuwar Kurmi. Shi kuwa mahaifinta, Alhaji Gwadabe, so yake a rushe a zuba shaguna. Har ya yi magana da Nazeer, wani ɗan kwangila da ba shagunan kaɗai yake nema ba.

Da Mikail ya turo a nemar masa izinin zance, Alhaji ya kira ta.

"Na kai ki har Turkiyya, ki dawo ki ce mai kwaɓa laka? Nazeer fa?"

"Baba, abin da na je koyo can, a hannunsa na zo na tarar."

"Tashi ki ba ni wuri."

Ta shiga ɗaki, ta fito, ta sake shiga. Kamfanin da ta yi wa aikin koyo a Izmir ya turo mata takardar ɗaukar aiki, an ba ta wata guda ta amsa. Ta buɗe ta rufe ya fi sau goma. Sai ga saƙon Mikail:

"Injiniyata, na ji abin da Baba ya ce. Kar ki yi fushi da shi, bai san ni ba ne. Ki ci abinci don Allah."

Ta mayar: "Usta, zuciyata ta rabu biyu, rabi a Jakara rabi a filin jirgi. Kai kaɗai ke riƙe da ni."

A watan Agusta aka kwana uku ana ruwa. Ranar da ya ɗauke, Nana ta hau adaidaita ta nufi Jakara. Tun daga bakin lungu ta hango ƙura. Mikail ne a kan katangar baya da diga a hannu, yana sara. Ga motar Nazeer a gefe, shi kuma yana jingine da ita.

"Kin gani ko?" Nazeer ya ce yana murmushi. "Maginin naki ma ya gane gaskiya."

Ba ta ƙarasa ba. Ta juya, a cikin adaidaitar ta rubuta wa Mikail:

"Na gan ka da idona. Ashe duk hotunan da nake nuna maka dariya kake min. Na amsa aikin Izmir. Allah Ya bar ka da shagunanku."

Ta kashe wayar. Kwana biyu tana haɗa kaya tana warwarewa. A na uku 'Yardada ta aiko a ce ta zo ko da rarrafe ne.

Tsohuwar na zaune a tsakar gida. "Ke da ganin diga sai gudu? Ni na aika masa. Katangar nan ta cika da ruwa, ta sunkuyo kan ɗakina. Da bai sauke ta ba, da yanzu zaman makokina kuke. Wancan mai motar kallo ya zo yi."

Nana ta ɗaga kai. An tokare rufin ɗakin da azara, sabon tubali ya kai ƙugu. Mikail yana tsugune yana jera shi, yatsunsa biyu a ɗaure da tsumma. Kafin ta sami bakin magana sai ga sallamar Alhaji Gwadabe. Ya gaida mahaifiyarsa, ya zagaya ginin, sannan ya tsaya a kan Mikail.

"Kai, faɗa min tsakaninka da Allah. Gidan nan zai tsaya?"

Mikail ya miƙe ya rusuna. "Baba, in za a riƙa yi masa yaɓe ana share indararo kafin damina, zai wuce ni da 'ya'yana. In ba za a yi ba, gara ka rushe shi, kar ya kashe wani."

Alhaji ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Wa zai riƙa yin yaɓen?"

"Ni, in an ba ni dama."

"Kowa na tambaya, abin da nake son ji yake faɗa min," Alhaji ya ce a hankali. "Ka ce wa mahaifinka ina nan ranar Asabar."

Da ya fita, Nana ta matso, idonta ya kawo ruwa. "Usta, ka yafe min."

"Saƙonki ya fi digar nan sara, Injiniyata. Izmir fa?"

"Zan rubuta musu. Ina da aiki a nan."

"Da wa?"

Ta rufe fuska da mayafi. "Ka fi ni sani."

Bayan damina aka ɗaura aure a ƙofar gidan, maginan Shahuci da 'yan kasuwar Kurmi suka cika lungun har bakin titi. Da yamma aka kawo amarya ɗaya daga cikin sababbin ɗakunan, ita ta zana, shi ya gina. 'Yardada ta dogara sanda ta shigo, ta kama hannuwansu ta haɗa.

"Ke Nana, kin ƙwace min miji, na bar miki. Allah Ya zaunar da ku lafiya, Ya ba ku masu yi muku abin da kuka yi min."

Ɗakin ya amsa da amin. A soro aka jiyo muryar Alhaji Gwadabe, tasa ta fi ta kowa ƙarfi.