Motar 'Yan Ta'aziyya

"Kada ka gaya wa kowa, Anselme... Ko Madam. Musamman ma Madam!"

Prisca ce durƙushe bayan buhunan fulawa a ɗakin ajiya, ta cusa gefen rigar aikinta a baki don kada kukan ya fita. Anselme, direban da ke raba kayan gidan burodin unguwa-unguwa, ya tura ƙofar da ƙafa, ya zube a gabanta.

"Mene ne, zuciyata? Wa ya taɓa min ke?"

"Mamana... Mamana ta rasu."

Ya jawo ta jikinsa.

"Wayyo, sannu. To ai mutuwa ba abin ɓoyo ba ce, bari in je in..."

Sai maganar ta maƙale masa, don ya tuna.

Duk faɗin unguwar Marcory shi kaɗai ya san cewa a ƙauyensu, can bayan Gagnoa, babu wata Prisca. Séri suka sani, ɗan farin gidan. Ita kuwa tun tana ƙarama ta san mace ce, ta sha duka a kan haka har ta gaji, ta gudo Abidjan. Neman aiki kam ta yi shi har takalminta ya huje. A dubi fuskarta, a dubi katin shaidarta, a ce ta dawo gobe. Madam Diomandé, mai gidan burodin, ita ce kaɗai ba ta tambayi kati ba. Ta ga yadda yarinyar ke zana fure a kan kek ɗin biki, ta ce ta fara aiki kawai. Tun daga ranar Prisca take ci, take biyan haya, take jin ana kiran sunanta da safe. Kuma tun daga ranar ba ta taɓa yin barci ba tare da tsoron ranar da za a gane ba.

"In Madam ta ji, ka san abin da zai biyo baya," ta ce tana share hanci. "Anko za ta yanka, ta cika mota, ku taho har ƙauye. Haka aka yi wa kowa."

"Gaskiya ne..."

"Kawuna Tonton Digbeu ya ce in zan zo, in zo da wando, a aske min kai tare da ƙannena. Ya ce 'yar'uwarsa ba ta haifi mace ba."

"Kuma kin yarda? Wannan gashin naki?"

"Uwata ce, Anselme. Ita kaɗai take ce min Prisca a waya, ƙasa-ƙasa, in ba kowa kusa. Ko tsirara aka ce in zo, zan je in binne ta."

Ya sumbaci goshinta.

"Je ki, masoyiyata. Zan ce zazzaɓi ne ya kwantar da ke. Ki dawo ki tarar da aikinki, ki tarar da ni."

Kaico! Da sun san Mariette na tsaye bayan ƙofa da sun rage murya.

Mariette ita ce mai karɓar kuɗi, kuma ba tun yau take kawo wa Anselme attiéké, wato dambun rogo, da soyayyen kifi ba, yana ce mata ya ƙoshi. Ta daɗe tana gunaguni: wace irin mace ce wannan da ba ta taɓa canza kaya tare da mutane, ba ta taɓa gayyatar kowa garinsu? Ba duka ta ji ba ranar, amma abin da ta ji ya ishe ta. Ta bari sai da Prisca ta hau mota ta tafi, sannan ta shiga ofishin Madam da hawayenta shaɓe-shaɓe.

"Madam, 'yar'uwarmu ta rasa uwa, kunya ta hana ta faɗa! Za mu bar ta ita kaɗai kamar marar kowa?"

Nan take Madam ta ce a shirya tafiya. Anselme ya rantse bai san hanya ba. Mariette ta ce ai ɗan ƙaninta yana tuƙi a Gagnoa, ya riga ya binciko. Anselme ya yi ta kiran wayar Prisca har ya gaji, ba ta shiga.

Ranar Asabar an kafa rumfuna, ganguna na tashi, mata na rera kukan makoki. Prisca na zaune a layin maza, kai ƙwal, cikin wata baƙar riga ta ƙaninta da ta yi mata yawa. Tun safe ba ta ɗaga ido ba. Sai ta ji wani hon da ta sani kamar muryar uwarta.

Ta ɗago.

Doguwar mota ce, Anselme a gaban sitiyari. Madam ta fara saukowa, sauran suka biyo ta cikin anko baƙi da ja.

Ta so ta tashi ta gudu bayan gida, Tonton Digbeu ya dafa kafaɗarta da ƙarfi.

"Zauna, Séri. Ɗan fari ba ya tashi in baƙi sun zo."

Aka ba baƙi kujeru, aka zaga musu da ruwa. Sannan Tonton ya miƙe, ya gyara mayafinsa, ya tambayi labari yadda aka saba. Mai magana da yawun ma'aikata kuwa ba wani ba ne, Anselme ne, don shi ya fi kowa iya baki.

Ya tashi. Idonsa ya bi layin mata bai gan ta ba, ya dawo layin maza... ya gan ta.

Ta girgiza masa kai kaɗan, idanunta na roƙo.

"Tonton," ya ce, "ku gafarce mu. Ina ganin ɓatan hanya muka yi. Ba nan gidan muka nufa ba."

"Nan ne mana!" Mariette ta yi zumbur. "Haba Anselme, rana ce ta buge ka? Tonton, mun zo yi wa abokiyar aikinmu Prisca ta'aziyyar mamanta. A kira mana ita ta karɓi gaisuwa!"

Masu ganga suka dakata.

"Marigayiya maza uku ta bari," in ji Tonton Digbeu, yana nuna su da baki. "Ga su nan. Ba mu san wata Prisca ba."

Abin ya soki Prisca fiye da askar da aka aske ta da ita. Gawar uwarta na kwance cikin akwati a gabanta, ana cewa ba a san ta ba. Da ta sunkuyar da kai, wataƙila da ta tsira, don wa zai nemi Prisca a jikin wannan mai aski? Amma ƙafafunta suka miƙe da kansu.

"Ni ce, Madam... Sannunku da hanya."

"Na shiga uku!" Mariette ta dafe ƙirji, amma bakinta har kunne don farin ciki. "Namiji ne! Da namiji muke shiga banɗaki ɗaya duk shekarun nan!"

Tonton ya yi tsaki ya juya baya. Madam Diomandé ta daɗe tana kallon Prisca, sannan ta taso, ta damƙa mata gudummawar da suka kawo, ta ja ta gefen rumfa. Anselme da Mariette suka biyo su.

"Allah ya jiƙan mamanki," ta ce a hankali. "Ban taɓa samun hannu irin naki ba, kuma ba zan samu ba. Amma kin san Marcory. Kafin mu isa gida labarin ya riga mu. Wace uwar amarya ce za ta ƙara sayen kek a wurina?"

"Madam, ki mayar da ni baya wajen tanda! Ba mai ganina, na rantse. Ko shara ce..."

"Kada ki zo Litinin, Prisca. Kada ki sa in kore ki a gaban mutane."

Ta juya ga Anselme, fuskarta ta canza.

"Kai kuma? Ka sani ka bar ni na kwaso mutane na zo na ji kunya? In ka sani, ajiye min makullin motata yanzu."

Prisca ta ga bakinsa ya buɗe. Ta san abin da zai ce, ta kuma san tsohuwarsa da ƙannensa da ke cin abinci daga wannan makullin. Ta riga shi.

"Bai sani ba! Shi ma yaudararsa na yi. Ko hannuna ban taɓa bari ya riƙe da kyau ba."

"Prisca..."

"Ka yafe min, Anselme. Na cuce ka."

"Allah sarki, bawan Allah," in ji Mariette, tana shafa masa baya.

Baƙin ba su tsaya cin abinci ba. Suna hawa mota Anselme ya zagayo ta baya kamar mai duba taya, ya same ta jingine da bishiyar mangwaro.

"Me ya sa kika yi haka?" Hawaye na zuba a fuskarsa. "Zan dawo gobe in ɗauke ki. Mu tafi Bouaké, mu tafi ko'ina!"

"Mu ci me? Mu biyu ba aiki? Mamanka ma, da ba ta san sirrina ba, cewa take ban dace da kai ba."

"Ina son ki, Prisca. Da gashi, ba gashi..."

"Na sani, rayuwata. Shi ya sa."

Ta kama hannunsa ta riƙe gam. Ta tagar motar ta hango Madam da Mariette sun zuba musu ido.

"Suna kallonmu. Fizge hannunka."

"Ba zan iya ba."

"Fizge, ka ture ni, su gani da kyau! In ba haka ba ƙaryata ta tashi a banza. Don Allah, Anselme..."

Ya rufe ido. Ya fizge hannunsa, ya ture ta har bayanta ya bugi bishiyar. A cikin motar wata ta ce, "Yawwa, maganinsa ke nan!"

Bai waiwayo ba. Ta ga kafaɗunsa na girgiza har ya shige ya ja ƙofa.

Tana nan tsaye motar ta sha kwana. Daga rumfa Tonton Digbeu ya ɗaga murya.

"Séri! Zo ka kama akwatin uwarka, rana na yi."

Ta share fuskarta da hannun rigar, ta je ta kama.