Makullin Ƙofar Pawlina

A cikin bas Manwel ya fara ganinta, ranar da aka tura su tare motocin safe a mararrabar kasuwar kifi ta tsibirinsu. Umarnin Sajan gajere ne: duk baƙar fata ya sauko a duba takardunsa. Sauran fasinjoji suka mai da fuskokinsu taga, kowa ya zama kurma.

Tana zaune can baya da rigar ma'aikatan gidan tsofaffi, jakarta a cinya. Manwel sabon shiga ne a aikin ɗan sanda, don haka da Turanci ya yi mata magana, a hankali, yadda aka koya musu.

Ta ɗago ta amsa masa da yaren tsibirin, irin mai kaushin nan na 'yan bakin tashar jiragen ruwa.

"Kai ɗan gidan wa ne? Ka sa na makara, akwai tsohuwar da ke jira in yi mata wanka. Wataƙila ma kakarka ce."

Wani dattijo ya tuntsire da dariya. Kunnuwan Manwel suka yi ja. Ya duba katin: Rahwa Tesfalem. A goye aka tsallako da ita daga Libiya cikin kwalekwale, iyayenta mutanen Eritiriya. A tsibirin nan ta yi rarrafe, a nan ta yi makaranta, amma katin ya ce baƙuwa ce, kuma kowace shekara sai an sabunta mata izinin zama.

"Ki yi haƙuri," in ji shi.

"Riƙe haƙurinka, ba ni katina."

Ashe tsohuwar ba kakarsa ba ce, ƙanwar kakarsa ce. Haka tsibirin yake, in ka jefa dutse a kan danginka zai sauka. Ran Lahadi da ya kai mata ziyara, ya tarar da Rahwa tana taje mata furfura. Tsohuwa ta dube shi, ta dube ta, ta ce, "Wannan yaron bai taɓa zuwa mako biyu a jere ba. Bari mu ga mako mai zuwa."

Ya zo. Ya sake zuwa. Kafin sanyi ya wuce, wayoyinsu ba sa hutawa.

"Mai tare bas, ka ci abinci?"

"Ina fa, Qalbi. Tunaninki ya tare ni a hanya, ya ce in sauko a duba takarduna."

"Allah ya sa sun daina aiki, a tsare ka."

"In a wurinki ne, kada a ba da belina."

Qalbi, wato zuciyata. Da farko ta hana shi kiranta haka, daga baya in ya manta sai ta tambaya ko lafiya.

Mahaifinta, Aboy Tesfalem (Aboy, wato Baba a yarensu), wanke-wanke yake yi a wani otal. Da ya ji labari sai ya ajiye cokali.

"Ɗan sanda? Rahwa, lokacin da muka iso, fiye da shekara na yi a tsare ina kallon irin takalmansa ta ƙarƙashin ƙofa. Uwarki a can ta fara tarin da ya kashe ta. Ga Yonas can a Suwidin, ɗan mutunci, da fasfo ɗinsa, kullum yana gaishe ki."

A gidan su Manwel ma ba a yi guɗa ba. A garinsu mata ba sa cire makulli daga ƙofar gida. Yana nan maƙale ta waje tun safe, duk wanda ya zo ya murɗa ya shiga yana kiran sunan matar gida. Sai in gaba ta shiga tsakani ake cire wa mutum shi. Makullin Pawlina, mahaifiyar Manwel, har ya yi santsi don murɗawa.

"Takardar zama take nema, ɗana," in ji Pawlina. "Ni ba na ƙin kowa, Allah ne ya yi su. Amma me zan ce wa Salvu?"

Salvu yayanta ne, kuma shi ne Sajan ɗin da Manwel ke aiki a ƙarƙashinsa. Tun da teku ta ci mahaifin Manwel, shi ya riƙe gidan. Shi ya riƙe yaron a coci ranar da aka raɗa masa suna, shi ya yi magana da yaron wani minista har aka ɗauke shi aiki.

Abin ya faru ne da tsakar rana, a tsakiyar zafi, lokacin da kowa ya rufe tagoginsa ya kwanta. Manwel ke tuƙa motar sintiri, Salvu na gefensa, wani kofur na baya. A shataletalen da baƙi ke zama jiran aikin yini, Salvu ya sa aka kwashi mutum uku. Ɗayansu Filmon ne, yayan Rahwa, mai aikin shafen gini, da farar ƙasa har a gashin idonsa.

"Ba ofis ba," in ji Salvu. "Bi hanyar tsohon ramin fasa dutse."

"Kawu, wannan na san shi. Takardunsa lafiya suke."

"To madalla, ka san shi. Tuƙa."

Ya tuƙa. A bakin ramin Salvu ya leƙo ta taga.

"Zauna a mota. Ƙara muryar rediyo."

Ya zauna. Ya ƙara. Mai rediyo na sanar da wasan wuta na bikin waliyyin gari, amma duk da haka ya ji abin da ake yi a ƙasa. Hannunsa na kan marfin ƙofa har aka gama, bai buɗe ba.

Salvu ya dawo yana goge hannu da hankici. "Gobe sa gaya wa 'yan'uwansu tsibiri ya cika."

Da aka tashi aiki Manwel ya koma da tasa motar. Biyun sun gudu. Filmon ya tarar yana bin katangar gona da lalube, tafinsa a kan idon hagu. Ya ɗauke shi zuwa asibiti. A bakin ƙofa Filmon ya juyo.

"Ka iya tuƙi, suruki."

Idon bai tsira ba. Saƙon Rahwa ya shigo washegari.

"Filmon ya ce kai ka tuƙa. Ka ce min zafin ciwo ne ya ruɗa shi."

Ya rubuta, ya goge, ya sake rubutawa. Abin da ya tura ke nan: "Bai ruɗe ba."

"Kada ka ƙara kirana Qalbi."

Ofishin 'yan sanda ya ce Filmon daga saman gini ya faɗo, a buge. Labari ya kai wa Rahwa cewa duk 'yan sanda ukun da ke motar sun tabbatar da haka, ta kuwa yarda, don ba ta ga dalilin da zai sa ta ƙi yarda ba. Wata lauya ta kai ƙarar Filmon gaban majistare. Sai dai maganar baƙo ce a kan ta Sajan, kuma akawun kotun ma ɗan ƙanwar matar Salvu ne. In ba a sami shaida daga cikin motar ba, ƙara ta mutu.

Salvu ya sami Manwel a bayan ofis, ya dafa kafaɗarsa kamar yadda yake yi tun yana yaro.

"Ba wanda ya ce ka yi ƙarya, ɗana. Ka ce rediyo kake ji. Ai gaskiya ce."

A gida Pawlina na juya miyar zomo, ba ta waiwayo ba.

"Shi ya saya maka takalmin makaranta na farko."

"Na sani, Ma."

"Ka sani? Da ka yi zazzaɓi, a kafaɗa ya kai ka asibiti."

"Ma, idon mutum fa."

Ta buga ludayi a bakin tukunya. "Ido ɗaya! Yana da wani. Ni ɗan'uwa ɗaya gare ni. In ka buɗe baki a kotun nan, kada ka zo neman makulli a ƙofata."

Ranar zama, Manwel ya tsaya da kakinsa. Salvu na zaune yana kallonsa da ɗan murmushi. Majistare ta tambaye shi abin da ya ji. Ya ce ya ji rediyo. Salvu ya gyaɗa kai. Sannan ya ce ya ji sanda tana sauka a jikin mutum, ya ji Filmon na roƙo da yaren tsibirin, ya ji muryar kawunsa tana cewa a ƙara masa. Ya ce shi ya tuƙa su, kuma bai fito ba.

Can a bencin baya ya hango Rahwa. Ta fita riƙe da hannun yayanta.

Da yamma ya isa layinsu. Ƙofar na nan da koren fentinta, ramin makulli fayau. Yana jin idanun maƙwabta ta tsagar tagogi. Karon farko a rayuwarsa ya ƙwanƙwasa ƙofar uwarsa. Ba a amsa ba. Matar gidan kusa ta miƙo masa jakar kayansa ba tare da ta dube shi ba.

Abin da ya biyo baya, kowa a tsibirin ya san irinsa. Minista ya fito a talabijin ya ce za a binciko gaskiya komai ɗacinta. Aka naɗa kwamiti, kwamiti ya rubuta rahoto, rahoton ya shiga aljihun tebur. Aka dakatar da Salvu, aka ɗage shari'a, aka sake ɗagewa, sai ga shi an mai da shi wani ofis mai sanyi a bakin tasha. Manwel kuwa, in ya yi kira ta rediyon aiki ba mai amsawa. Ranar da wani mashayi ya fasa masa kai yana ta kiran agaji shiru, ya gane. Ya ajiye kaki, ya kama tuƙa motar burodi, yana kwana a ɗakin da ke saman gidan burodin.

Ya ji Yonas ya zo daga Suwidin da zobe. Bai yi mamaki ba. Ana cikin haka wayarsa ta yi ƙara, saƙon Rahwa ne.

"Ka ci abinci?"

Ba sunan tsokana, ba komai. Ya daɗe yana kallon saƙon.

"A'a."

"Aboy ya ce ka zo ran Lahadi. Kada ka kawo fure, ba biki ake ba."

A gidan Aboy Tesfalem kofi zagaye uku ake sha, na ukun shi ne na albarka, kuma ba kowane baƙo ake zuba wa ba. Rahwa na durƙushe tana gasa 'ya'yan kofi a kasko. Aka sha na farko. A na biyu Filmon ya gyara baƙin tabaraunsa.

"Zaman da ka yi a motar nan, ban yafe ba, ban kuma san ranar yafewa ba. Amma tsayuwar da ka yi a kotu na gan ta. Ido ɗaya ya ishe ni ganin wannan."

Tsohon ya ajiye finjalinsa. "Yonas zai kai ta inda ba a sauke mutum daga bas. Kai me za ka ba ta?"

"Ba ni da komai, Aboy. Ko ƙofar da zan murɗa ba ni da ita."

"To kin ji, ke Rahwa."

"Na ji, Aboy," in ji ta, idonta a kan garwashi. "Na mayar wa Yonas zobensa. A nan na yi rarrafe, a nan kabarin uwata yake. Ba inda za ni. Su ne za su saba da ganina."

Kofi ya tafasa ya sauka. Sannan tsohon ya tura finjalin Manwel gabanta da ɗan yatsa. Ta zuba na uku.

A bakin matakala ta ce, "Ka rame, mai tare bas."

"Zan iya kiran sunan?"

"Gwada mu ji."

"Qalbi."

Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan takalminsa.

Ranar aure, ɓangaren amarya a coci ya cika da mata masu fararen mayafai, guɗa har waje. A ɓangaren ango mutum biyu ne: mai gidan burodi, da tsohuwar nan ƙanwar kakarsa a keken guragu, tana faɗa wa kowa ita ta haɗa su.

Da aka fito, Rahwa ta ce a bi da su ta layin Pawlina.

"Kada mu je, Qalbi. Yau dai kada mu je."

"Wucewa kawai za mu yi."

Motar ta shiga layin a hankali. Manwel ya ƙi duban ƙofar, sai da Rahwa ta matse hannunsa. Makullin na nan maƙale ta waje, rana na haska santsinsa.

Aka tsai da mota. Rahwa ce ta tattare farar rigarta, ta hau dakali a gaban duk tagogin layin, ta murɗa, ta yi kira yadda 'yan gari ke yi.

"Pawlina! Kina ciki?"

Pawlina na kicin, zaune, sanye da rigarta ta zuwa coci, har da jaka a hannu. Da gani tun safe ta shirya ta kasa fita.

"Salvu ya ce in makullin nan ya wuni a ƙofa yau, ba ni ba shi har kabari," in ji ta. "Ya wuni."

Manwel ya durƙusa ya kifa kansa a gwiwarta. Ba ta ce ta yafe ba, shi ma bai tambaya ba. Ta daɗe tana kallon amaryar, daga lulluɓi har takalmi, sannan ta miƙa hannu ta gyara mata wani zare da ya fito a kafaɗa.

"An ce ke ce kike yi wa gwaggona wanka."

"Ni ce, Ma."

 Pawlina ta ɗora tafi ɗaya a kan ɗanta, ɗaya a kan Rahwa.

"Allah ya zaunar da ku lafiya. Ya ba ku haƙurin zama da mutanen garin nan, da ni ma. 'Ya'yan da zai ba ku kuma, Allah ya sa kada a taɓa sauke su daga bas."

"Amin," in ji Rahwa.

"To ku zauna, miya na hucewa. Ke, turo ƙofar. Bar makullin inda yake."