Kwantenar Ɗanjuma Mai Walda

Ɗanjuma mai walda, kai nake tuhuma, kuma gaban jama'a. Ka ce kwantenar da ka yanka wa ƙofa da taga ka kafa mini daga Ikko ta zo. To me ya kawo warin laka ƙarƙashin sabon fenti?

Ruwa ya cinye ɗakina na ƙasa a Wara, shi ya sa na yarda da na ƙarfe. Ranar da na tare, bayan isha'i, wata mata ta yi sallama, zanenta sharkaf. Na ce ta shigo. Ɗakin nan ko kaza ta taka sai ya amsa, amma ita ban ji takunta ba.

Ta shafa bakin tagar ta ce, "Inna, wa ya huda mana ɗaki? Iska na damun yara."

Na ce waɗanne yara? Sai tari ya tashi daga ƙuryar da na jera kwanonina, irin tarin yaran da suka sha ruwa.

Tun ranar a rumfar maƙwabta nake kwana. Ɗanjuma, ka zo gaban mai unguwa ka faɗi inda ka tsamo ta!